Hannun da Nasiru Ya Bari

Nasiru ɗan gwaggona ya tuɓe ni tsirara a gaban 'yata ta fari. Laifinsa ke nan, kuma shi ya sa duk taron da ya shigo ni nake ɗaukar takalmina in fita. Na san abin da aka gaya muku. An ce hassada nake yi masa, don shi ya yi boko har ya zama injiniya, ni kuwa na tsaya a aji uku na sakandare na kama walda. Wasu sun ce sunana na so a rubuta a jikin na'urar aka ƙi. Duk ƙarya ne. Ku ƙannen Ummi nake rubuta wa wannan, don kun girma kuna ganin ubanku yana juya wa baffanku baya ba ku san dalili ba. Ita Ummi ba ta buƙatar a gaya mata.

Ubana da uwar Nasiru ciki ɗaya suka fito, saboda haka taubasai ne mu. Tun muna yara a Roni nake ce masa bawana, shi kuma ya ce mini ubangida mai wando ɗaya. Ba abin da ba mu faɗa wa juna, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi. A shekarar da nake ba ku labari ya dawo Kazaure da akwatuna uku, ya kama wani ɗaki a bayan shagona, ya ce ɗakin tiyata na gobe yake ƙerawa. Na leƙa ɗakin ban ga komai ba sai kwamfuta da wayoyi da wani abu kamar tabarau mai kauri da ake ɗaurawa a kai. Na ce masa ko aski ba za a yi a nan ba. Ya ce in sa in gani. Na sa. Shagona ya ɓace, garin ya ɓace, sai ga ni tsaye a wani ɗaki fari fat, fitila a sama, almakasai da wuƙaƙe a jere a kan tire. Na miƙa hannu zan taɓa tiren, na bugi bango. Ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

Iri biyu yake yi, kamar yadda ya yi mini bayani. Ɗaya shi ne wanda na sa, na ɗalibai, su yanka su ɗinke sau ɗari ba tare da jinin kowa ya zuba ba. Ɗayan gilashinsa garau ne, likita na ganin marar lafiyarsa na gaske, amma na'urar tana zana masa jijiyoyi da hanji a kan fatar, ya san abin da ke ƙasa kafin ya sa wuƙa. Ya ce wata rana likita a Kano zai iya sa nasa, ya ga abin da ƙaramin likita yake gani a Babura, ya ce masa yanka nan, kauce wa can. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya shiga raina. Mahaifiyata a hanyar Kano ta cika, a bayan mota, ana neman wanda zai buɗe ta.

Ni na ƙera masa gadon gwaji da sandar rataye fitila. Kuma ni na gyara masa abin da bokonsa ya kasa. Tabaran yana da nauyi ta gaba, minti goma wuyan mutum ya ƙage, ga gumi yana sa gilashin ya yi hazo. Likita kuma in ya sa safar hannu ba ya taɓa komai, to da me zai ɗaga shi in batir ya mutu ana tsakiyar aiki? Nasiru ya yi sati yana zane a takarda. Na ɗauko hular waldata na kifa a kaina, na gyaɗa kai ta rufe, na ɗaga haɓa ta buɗe.

"Duk abin da zai rufe wa mai aiki ido, dole ya iya ture shi ba da hannu ba," na ce masa.

Ya kalle ni ya ce ashe ƙarfe bai cinye ƙwaƙwalwar duka ba. Muka sa wa tabaran maƙali irin na hular, muka mayar da batirin ƙeya ya daidaita nauyin. Na kuma sa shi ya kwashe lambobin bugun zuciya da ya jera a tsakiyar gilashin ya kai su gefe, don wanda yake yanka ba karatu ya zo yi ba. Watannin nan na ji daɗinsu. Ina faɗin haka ne don ku san ban shiga aikin da mugun nufi ba.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa da bakina a gabanku ba. Ina da gwaiwa a lokacin, ta kai shekara bakwai. Uwarku kaɗai ta sani. Shi ya sa kuka tashi kuna ganina da riga mai faɗi ko a bakin wuta, shi ya sa ba na tsugunawa a gaban mutane, kuma a masallaci nake neman gefen bango. Kun san garin nan. Mutum ya yi ciwon zuciya a yi masa sannu, ya yi gwaiwa a yi masa waƙa. Ranar da muka ɗaga gadon gwajin za mu shigar da shi ɗaki, ciwon ya murɗe ni na durƙushe, Nasiru ya gani, ya gane. Bai yi dariya ba a ranar, na kuma gode masa a raina.

Bayan kwana kaɗan ya zo da maganar. Ya ce jikunan da ke cikin na'urar duk na waje ne, fararen fata masu teɓa, da cututtukan da ba su ne ke kai mutanenmu asibiti ba. Abin da ƙananan likitocinmu suka fi yanka shi ne irin nawa. Yana son jiki na gaske, na ɗan ƙasa. Za a ɗauki hoton cikina a Kano, sannan shi da kansa ya zagaya ni da kyamara a ɗaki a rufe. Na ce masa ya haukace. Ya ce zai cire kan gaba ɗaya, ba fuska ba suna, jiki ne kawai kamar kowane jiki. Ya ce in tuna da Inna a bayan mota. Da wannan ya kama ni, ya kuma san da shi zai kama ni.

"Ka rantse ba wanda zai gane ni," na ce.

"Wallahi ko matarka ba za ta gane ka ba, ubangida."

Na kwanta aka ɗauka. Ban gaya wa uwarku ba sai daga baya.

Wata Lahadi da hantsi, bayan kamar wata biyu, ya kira ni in zo in ga aiki ya kammala. Na sa tabaran. Ga ɗakin nan fari, ga gadon da na ƙera, ga mutum a kwance an rufe inda kai ya kamata ya kasance da koren ƙyalle. Daga ƙirji zuwa gwiwoyi a buɗe. Na kalli abin da na shekara bakwai ina ɓoyewa, a ƙarƙashin fitila, ya fi yadda nake zato girma. Na daure. Sai idona ya sauka a kan hannun dama da aka shimfiɗa a gefe. Yatsu uku. Ga guntayen biyun da garanda, injin yankan ƙarfe, ta cinye, ga tabon ƙuna ya tashi daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Duk wanda ya taɓa miƙo mini ƙofa ko garma a garin nan ya san hannun nan. Yara ma da shi suke kwatancen shagona.

Na ɗaga tabaran na ce masa ya bar hannuna. Ya ce ai a nan ɗalibai za su koyi sa ƙarin ruwa, kuma hannu mai tabo ya fi koyarwa, don manoma da maƙera za su riƙa gani ba 'yan ofis ba. Na ce ya cire. Ya ce wanda ya iya wannan gyaran yana Kano, sai wani watan. Sannan ya yi murmushin nan nasa ya ce wa zai kalli hannu ga babban kaya a gabansa. Yana naɗe wayoyi ya ƙara da cewa ranar Alhamis za a kai na'urar makarantar koyon aikin lafiya, 'yan ajin ƙarshe su fara gwadawa a gaban manyan baƙi.

Ummi tana ajin ƙarshe a makarantar.

Kun san yadda nake da yayarku. Sunan mahaifiyata gare ta, ban taɓa kiran sunanta na yanka ba. 'Yar fari ce, ko hannunta ban riƙe a gaban mutane ba tun tana rarrafe. Ba ta taɓa ganina ba riga ba. Na ce wa Nasiru ya ɗaga ranar. Ya ce an riga an gayyaci mutane daga Dutse. Na ce to ya mayar da jikin Bature. Ya ce jikin ɗan ƙasa shi ne abin da za su zo gani. Ya dafa kafaɗata ya ce in kwantar da hankalina zai duba, ya shiga mota ya tafi.

Kwana huɗun nan ban san yadda zan kwatanta muku su ba. Litinin na kira wayarsa har batir ya ƙare, ba ya ɗagawa. Talata na hau babur na tafi Roni, don an ce yana wajen uwarsa. Na tarar ya wuce Kano tun da safe. Gwaggo ta sa aka kawo mini fura, ta zauna tana yaba ɗanta, tana cewa ta ji ni ne hannun damansa, Allah ya bar zumunci. Ta tambaye ni lafiya na yi zuru-zuru haka. Me zan ce wa ƙanwar ubana? In ce mata ɗanki ya ɗauki hoton gabana? Na ce zazzaɓi ne. Ta ba ni saƙon daddawa in kai wa uwarku. A hanyar dawowa na tsaya a gindin wani dutse na zauna ina lissafa 'yan ajin Ummi da na sani: ɗan Alhaji mai kanti da ke kallon shagona, 'yar ladaninmu, yara biyu daga layinmu.

Da yammacin ranar na gaya wa uwarku komai. Ta ci gaba da tsince shinkafa. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, da ma wanda ya ƙi jin maganar matarsa ya je asibiti shekara bakwai, ga shi ya je ya kwanta wa kyamara. Gaskiya ta faɗa. Ta ce mafita ɗaya ce, a hana yarinyar zuwa ranar Alhamis. Ta ce ita za ta kwanta ciwon ƙarya, Ummi ta zauna jinya.

Laraba da azahar na ɗauki guduma na shiga ɗakin Nasiru, don ni na yi ƙofar, ina da mabuɗi. Akwatunan suna nan a ɗaure, an shirya su. Na tsaya a kansu. Sai na tuna ya taɓa gaya mini cewa abin ba a cikin tabaran yake zaune ba, yana cikin kwamfutarsa da ke hannunsa, yana kuma wani wuri a Kano. In na farfasa waɗannan, gilashi na fasa, jikina yana nan. Kuma gari zai tambayi dalilin da ya sa mai walda ya fasa kayan ɗan'uwansa, daga nan maganar ta fito ta wata ƙofa. Na ajiye gudumar na kulle ɗakin.

Da la'asar Ummi ta kawo mini abinci shago kamar kullum. Ta durƙusa ta ajiye, fuskarta cike da murna. Ta ce an zaɓe ta ita za ta fara sa tabaran gobe, don ita ce ta ɗaya a aikin hannu, kuma za a ba da maki, har an ce waɗanda suka yi kyau za a tura su ƙarin horo. Ta ce ta gaya wa ƙawayenta gadon da ke ciki babanta ne ya ƙera shi. Na riƙe murfin kwanon. Da na ce mata gobe ba za ki je ba, da ba ta je ba, ba kuma za ta tambayi dalili ba, haka muka tarbiyyantar da ita. Kalma shida ce. Amma yarinyar nan shekara uku tana tashi da asuba tana bin a-daidaita, uwarku ta sayar da akuyoyinta a kan karatun nan. Kuma akwai wata murya a cikina mai cewa wataƙila Nasiru ya gyara, wataƙila an rufe hannun da ƙyalle, wataƙila ba za ta kalli gefe ba. Tsoro ne ya sa na saurari muryar, ba wani tawakkali ba.

"Allah ya ba da sa'a," na ce mata.

Na kuma ce wa uwarku ta bar maganar ciwon ƙarya.

Ranar Alhamis na buɗe shago na ɗauki ƙofar wani mutumin 'Yankwashi zan haɗa. Sau uku ina ƙona ƙarfen yana hujewa, abin da ban yi ba tun ina koyo. Duk a-daidaitar da ta rage gudu sai gabana ya faɗi. Aka yi azahar. Kafin la'asar na hango ta ta sauka a bakin titi. Ba ta biyo ta gaban shagon ba. Ta zagaya ta bayan masallaci, hanyar da ta ninka nisa, ta shige gida.

Abin da ya faru a bakin uwarku na ji, ita kuma a bakin Ummi, a guntu-guntu cikin kwanaki. Ashe ba mai tabaran kaɗai ke gani ba. An haɗa shi da babban allo a bango, duk abin da ta kalla ɗakin gaba ɗaya yana kallo, ɗalibai da malamai da baƙi. Aikin farko shi ne sa ƙarin ruwa. Ta juya ga hannun, allon ya cika da shi. Wani daga baya ya ce, ba da ƙarfi ba amma an ji, wannan ai hannun mai walda ne. Aka yi 'yar dariya. Ummi ba ta cire tabaran ba. Ta sa allurar a jijiya, ta wanke wurin da za a yanka, ta miƙa kayan aiki ɗaya bayan ɗaya har aka gama. Baƙi suka tafa mata. Ta fita bayan aji ta yi amai.

Kwana uku ba mu haɗu ba, a gida ɗaya. A na huɗu ta aiko uwarku ta gaya mini cewa abin da ta gani ya wuce a tsaya jira, hanji zai iya shaƙewa kowane lokaci, in ya shaƙe kuma sa'o'i ne. Ta riga ta yi magana da wani likita. Na je. Wani ɗan siririn likita ya yi mini aikin da idonsa biyu, ba tabarau ba komai. Na warke, ga ni ina tsugunawa. A gari kuwa an yi abin da aka saba. Ba wanda ya faɗa mini a fuska, amma in na miƙa hannu a gaisa sai in ga ido ya sauka ƙasa. Wani mai faci ya tambaye ni ko yanzu zan rage faɗin riga, yadi ya yi tsada. Wannan duk na iya ɗauka. Abin da ban iya ɗauka ba shi ne Ummi ba ta ƙara kawo mini abinci shago ba. Tana gaishe ni daga bayan labule. Da ta gama makaranta, aka ba ta zaɓin wurin aiki tsakanin nan da Babura, ta zaɓi Babura. Ba fushi take yi da ni ba, na sani. Ta kasa kallona ne, ni ma na kasa kallonta, har yau da take da 'ya'ya biyu.

Nasiru bai zo ba sai bayan na warke. Ya shigo shago da rana tsaka da yadin shadda a leda, yana washe baki, yana kirana ubangida. Ya ce ya ji an yi aiki lafiya, in gode wa bawana, don ba don na'urarsa ba da yanzu ina nan ina jan kaya. Ya ce an gyara hannun, yanzu yatsu biyar ne. Ya ce shi bai zaci yarinyar ce za ta fara ba, kuma ai ma'aikaciyar lafiya ce, jiki a wurinsu jiki ne. Ya ce ɗaruruwan ɗalibai za su koya a kaina, ladan yana zuwa mini har kabari. Da ya ga ban karɓi ledar ba sai ya ce haba, tsakanin taubasai ai ba a riƙo.

Na kashe injin don ya ji ni da kyau. Akwai mutum biyu a kan benci suna jiran aiki, ban ce su tashi ba.

"Nasiru, kana da 'ya mace kai ma," na ce. "Tuɓe wandonka a nan, in aika a kira ta. In ka iya, na yafe maka yanzu, mu koma wasa. Ba ka iyawa. Ni ka zaɓa don ni ne wanda bai yi karatu ba, ka ɗauka kunyata ba ta kai taka tsada ba. Na'urarka mai kyau ce, Allah ya sa ta ceci mutane, ban taɓa yi mata baki ba. Amma ka rantse mini da Allah, ka ga hannun nan da idonka, na roƙe ka kwana huɗu, ka zaɓi baƙinka. Ɗauki shaddarka. Kuma zan bar wa 'ya'yana wasiyya: ranar da na mutu kada a bar ka ka shiga inda ake mini wanka. Gawa ma ana rufe mata al'aura."